Gani ya kori ji? Tambayar da fatar ganga ta yi wa masana lissafi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma da wuya a samu wanda zai tsaya yi wa wannan magana gardama. Alƙali na dogara da ita in shaidu sun saɓa, mai sayen sa a kasuwa na dogara da ita in dillali ya cika zaƙin baki, malamin makaranta ma haka in ɗalibi ya rantse ya yi aikin da aka ba shi amma ya baro littafin a gida. Sai dai karin magana hukunci ne da aka yanke a gajarce, kuma ya halatta a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci don a ga abin da ya tsallake. Wannan bai faɗa mana iyakar abin da ji ke iya tabbatarwa shi kaɗai ba a inda gani ba zai taɓa isowa ba, alhali mafi yawan abin da muka sani game da magabata, da ƙasashe masu nisa, da zukatan mutanen da muke zaune tare da su, ta kunne ya zo mana. Bai kuma faɗa mana wanda zai binciki ganin ba in shi ma ya zo da kuskure.

Waɗannan tambayoyi ne na masu falsafa da malaman shari'a, amma akwai wani reshe na lissafi da ya shafe fiye da shekara ɗari biyu yana fama da su a kan abu guda, wato fatar ganga. Amfanin leƙa shi shi ne cewa a can ba a barin magana a lulluɓe: abin da aka tabbatar an san an tabbatar da shi, abin da ake zato an san zato ne, kuma in wani babba ya haɗa su biyun, ko ba daɗe ko ba jima za a gane.

A fara da tsirkiya, don ta fi sauƙi. In aka fizgi tsirkiyar molo ko ta gurmi, tana iya kaɗawa gaba ɗayanta, ta hau tare ta sauka tare. Wannan ita ce muryarta ta farko, mafi kauri. In makaɗi ya ɗora yatsa a tsakiyarta a hankali ba tare da ya danne ba, sai ta rabu biyu, rabi na hawa lokacin da ɗaya rabin ke sauka, tsakiyar kuwa tana tsaye cik, kuma saurin kaɗawar ya ninka na farko. Murya ta uku tana raba ta gida uku, ta huɗu gida huɗu, haka har illa ma sha Allahu. Cikin shekara ta 1836 Charles Sturm ya tabbatar a Faransa cewa ko da tsirkiyar ba ta daidaita ba, wani wuri kauri wani wuri siriri, wannan tsari ba ya rushewa: murya ta goma tana da gida goma daidai. A tsirkiya ke nan ji da gani bakinsu ɗaya. Wanda ya san matsayin murya ya san yawan gidajenta, wanda ya ƙidaya gidajen ya san matsayin muryar.

Fatar ganga ta fi haka wuyar sha'ani. Ita ma tana da jerin muryoyi tsarkaka marasa iyaka, kowace da lambarta, wadda za mu kira lambar murya. Lambar tana tafiya ne da saurin kaɗawa in an ninka shi a kansa. Wuraren da ke tsayawa cik a nan layuka ne, sai mu ce musu layukan shiru, kuma su ne ke yanka fatar fage-fage, kowane fage na hawa lokacin da maƙwabcinsa ke sauka. Ya kamata mai karatu ya sani cewa gangar masana lissafi ba irin ta makaɗan fada ba ce. Fata guda ce, ba ice, ba iskar da ke cikin ciki, kuma ɗaurinta ɗaya ne a ko'ina. Mai kalangu yana matse igiyoyi a hammata ya sauya ɗauri, muryar ta hau ko ta sauka. Mai lissafi yana hana ɗaurin motsi, ya bar abu guda kawai ya sauya, wato siffar bakin da aka ɗaure fatar a kai. A gangar da bakinta da'ira ce, in saurin murya ta farko 1 ne, na masu bi mata kusan 1,59 ne, da 2,14, da 2,30, da 2,65. Ba su jeru 1, 2, 3 kamar na tsirkiya ba, shi ya sa kunne ke jin ganga daban da molo.

To, a ɗauka akwai makaho mai cikakken kunne, wanda ke iya rarrabe dukan waɗannan muryoyi ɗaya bayan ɗaya. Me zai iya faɗa game da gangar da bai taɓa shafawa ba? Amsa ta farko ta fito daga Gotingen ta ƙasar Jamus. A 1910 masanin kimiyya Hendrik Lorentz, mutumin Holan, ya zo ya yi lacca a can, ya ce yana zaton yawan muryoyi masu tsananin kaifi bai dogara da siffa ba, girma kawai yake bi. A 1911 Hermann Weyl, yana saurayi, ya kawo hujjar. In aka ƙidaya muryoyin da lambarsu ba ta kai wani babban adadi ba, yawansu ya yi kusa da wannan adadi a ninka shi da girman filin fatar, a raba da 4π. Makahon namu zai iya faɗin girman gangar ke nan ba tare da ya auna ta ba. Daga baya aka gano yana iya faɗin tsawon bakinta, kuma a 1967 Henry McKean da Isadore Singer suka tabbatar cewa in bakin sumul ne, ba kusurwa, yana iya faɗin yawan hudojin da ke jikin fatar. Da yake da'ira ce kaɗai ke kewaye fili mafi girma da baki mafi gajarta, in ganga da'ira ce, makahon zai gane ta ba tantama.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya isa ya sa masu raina ji su sassauta. Akwai wani irin wayayye da ke ganin duk abin da bai zo a rubuce ko a hoto ba tatsuniya ce. Ga shi lissafi, wanda ba a zarginsa da son tatsuniya, ya nuna cewa sauti na ɗauke da awo na gaskiya, ga wanda ya iya saurare ya kuma yi haƙurin saurare har ƙarshe. Sharaɗin haƙurin yana da nauyi: hukuncin Weyl bai ce komai a kan murya goma ko ɗari na farko ba, yana magana ne a kan yadda jerin ke tafiya in ya yi nisa. Wanda ya ji kaɗan ya tashi, bai ji girman gangar ba.

A 1966 Mark Kac, haifaffen Folan da ke koyarwa a Amurka, ya buga wata maƙala da ta shahara, wadda kanta tambaya ce: shin ana iya jin siffar ganga? Wato in ganguna biyu suka yi tarayya a dukan muryoyinsu, daga ta farko har abada, dole ne siffarsu ta zama ɗaya? Shekara biyu kafin nan John Milnor ya riga ya samu abubuwa biyu masu murya ɗaya da siffa daban, amma a wani sarari mai ɓangarori 16, wanda ba mai iya kaɗa shi da gula. An jira har 1992 kafin Carolyn Gordon da David Webb da Scott Wolpert su kawo amsa a kan shimfiɗaɗɗen fili, bisa wata dabara da Toshikazu Sunada na Japan ya fitar a 1985. Sun ɗauki alwatika bakwai, wato masu kusurwa uku, iri ɗaya, suka jera su ta hanya biyu daban, suka samu ganguna biyu da ko yaro zai ga ba su yi kama ba. Girmansu ɗaya, tsawon bakinsu ɗaya, kuma kowace murya ta ɗaya tana nan a ɗayar. Hujjar ma ba ta buƙatar a lissafa muryoyin: ana yanka kaɗawar ganga ta farko gida bakwai, a cuɗa gidajen ta wata ƙa'ida, a dasa su a ta biyu, sai su zauna daram. A 1994 masana kimiyya a Amurka suka ƙera akwatunan ƙarfe masu waɗannan siffofi biyu, suka auna su da igiyoyin lantarki, awon ya yi daidai da lissafin.

A nan ne maganar ta shafe mu. Ganga ba ta ƙarya, ba ta ɓoye wata murya don kunya ko tsoro, kuma makahon da muka ƙaddara ba ya mantuwa, ba ya gajiya. Shaida ce mai gaskiya a gaban mai saurare cikakke, amma duk da haka akwai abin da bai ƙetara daga wannan zuwa wancan ba. Laifin ba na mai faɗa ba ne, ba na mai ji ba ne, hanyar ce ke da iyaka. In haka ne ga fata, yaya ga ɗan Adam, wanda ke zaɓar abin da zai faɗa? Malamin da ke gyaran takardun jarrabawa ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Kac ba. Ɗalibai biyu na iya ba da amsa ɗaya a kowace tambaya, ɗaya ya fahimta, ɗaya ya haddace, kuma takardar ba za ta rarrabe su ba. Malamin na da haƙƙin ya ba su maki ɗaya, don abin da ya ji ke nan. Inda zai shiga haƙƙinsu shi ne in ya ɗauki makin a matsayin siffar hankalinsu, ya yanke wa ɗaya makoma da shi kamar ya leƙa cikin kansa. Haka masu tattara tarihin baka a ƙungiyoyinmu: ruwayoyi biyu da suka dace kalma da kalma na iya fitowa daga abu biyu daban da suka faru, kuma dacewarsu ba ta ɗauke wa mai bincike nauyin neman wata shaida ta dabam.

Za a iya cewa, to ai karin maganar ta yi gaskiya ke nan, tunda ido ya rarrabe abin da kunne ya kasa. A kan gangunan alwatika bakwai, haka ne. Amma a dakata a ga yadda ido ya yi da layukan shiru.

Wanda ya fara nuna wa duniya su shi ne Ernst Chladni, Bajamushe, a littafinsa na 1787. Yana barbaɗa yashi a kan faranti na ƙarfe ko na gilashi, ya goga bakinsa da bakan goge. Yashin sai ya gudu daga inda ke rawa ya taru a inda ke tsaye, zane ya fito kamar na zanen ƙwarya. Ya zaga Turai yana nuna wannan abin al'ajabi, har ya nuna wa Napoliyon a Faris. Sai dai an lura cewa ƙura mai laushi ƙwarai ba ta bin yashi, tana taruwa ne a inda farantin ya fi rawa. A 1831 Michael Faraday ya bayyana dalili a Ingila: iskar da ke saman farantin ce ke juyawa tana kwashe ƙurar, kuma in aka zuƙe iskar, ƙurar ma sai ta koma layukan shiru. Mutum biyu ke nan za su iya kallon faranti guda, kowa ya rantse da abin da idonsa ya gani, su nuna wurare biyu masu saɓani. Mai raba gardamarsu sai wanda ya san abin da aka barbaɗa.

Bayan nunin Faris an sa gasa, da kyautar zinariya ta faranka 3000, ga wanda zai bayyana zanen Chladni da lissafi. Sophie Germain ce ta ci, a 1816, a gwajinta na uku, ita da ba a yarda ta shiga babbar makarantar injiniyoyi ta Faris ba don mace ce, har ta daɗe tana rubuta wa manyan masana wasiƙu da sunan namiji. Abin lura a hukuncin alƙalan gasar shi ne sun ba ta kyautar tare da bayyana cewa hujjarta ba ta cika ba. Gyaran abin da ya shafi bakin faranti sai a 1850 ya zo daga Gustav Kirchhoff. Ana iya ganin ƙyashi a wannan togaciya tasu, kuma ba shakka ba a yi wa Germain adalci ba ta fuskoki da yawa, amma ni ina ganin hukuncin kansa ya fi yabo tsantsa daraja, don ya faɗi abin da aka samu ya kuma faɗi abin da ya rage.

A kan fata, babban hukunci na Richard Courant ne, a 1923, shi ma a Gotingen. Ya ce murya ta goma ba za ta raba fata fiye da fage goma ba, ta ɗari ba za ta wuce fage ɗari ba, ko wace irin siffa ce bakin. Zuciyar hujjar tana da daɗin ji. In da fagagen sun fi adadin, da an iya ɗaukar wasunsu a haɗa wata kaɗawa mai wannan murya, a bar fage guda cur yana kwance shiru. Amma tsarkakakkiyar kaɗawa ba ta yin shiru a fage guda ta yi motsi a wani, in ta kwanta a fili komai ƙanƙantarsa, ta kwanta ko'ina. Sai dai a lura, Courant ya sa rufi ne kawai. Abin da ke daidai a tsirkiya ya koma "bai wuce ba" a fata. A gangar da'ira, murya ta farko fage ɗaya ce, ta biyu biyu, ta huɗu huɗu, amma ta shida fage biyu kacal gare ta, ƙaramar da'ira a tsakiya da zobe kewaye da ita. Mai ƙidayar fagage da ido zai ɗauka ta biyu ce.

Ɗalibar Courant, Antonie Stern, ta kai maganar inda ba a zata ba a kundin digirinta da aka buga a 1925. A gangar murabba'i akan samu kaɗawa biyu masu lambar murya ɗaya, kuma ana iya gauraya su. Stern ta nuna cewa in an gauraya su da wani gwargwado, layukan da ke gicciye suna buɗewa a mahaɗarsu, su sarƙe su zama layi guda mai lanƙwasa kamar maciji, fatar ta koma fage biyu rak, komai kaifin muryar. Ta nuna irin haka a kan ƙwallo ma. Wannan sashe na ƙwallo ya kwanta ba mai ambatonsa, har Hans Lewy ya sake gano shi a 1977, kuma sai a wajen 2014 Pierre Bérard da Bernard Helffer, Faransawa, suka koma ga kundin suka mayar mata da haƙƙinta. Kusan shekara tasa'in maganarta na rubuce a ɗakin karatu, a gaban idon duk wanda ya so dubawa.

Shi kansa rufin Courant, ashe ba a cika taɓa shi ba. Åke Pleijel na Suwidin ya nuna haka a 1956 da wata hujja da ta cancanci malami ya san ta. Kowane fage ƙaramar ganga ce mai zaman kanta, layin shiru ne bakinta, kuma muryar da ake ji ita ce muryarta ta farko. To, akwai wani hukunci da Lord Rayleigh ya yi zato a 1877, Georg Faber da Edgar Krahn suka tabbatar a shekarun 1920, cewa a cikin ganguna masu girma ɗaya, da'ira ce ke da murya ta farko mafi kauri. Saboda haka kowane fage na buƙatar fili da bai gaza na wata da'ira sananniya ba. A raba girman fatar da wannan fili, a gwada da ƙidayar Weyl, sai a ga cewa in muryoyi sun yi nisa yawan fagage ba ya wuce kashi 0,691 na matsayin muryar, wato ƙasa da bakwai cikin goma. A murabba'i, murya ta 1 da ta 2 da ta 4 ne kaɗai ke cika adadin Courant. Kuma ko wannan 0,691 ya yi yawa, domin faya-fayi ba sa rufe tabarma sai sun bar giɓi a tsakaninsu. Jean Bourgain, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na zamaninsa, ya bi wannan giɓi a wani aiki da aka buga a 2015, abin da ya iya ragewa kuwa kusan kashi uku ne cikin biliyan. Wani zai yi dariya. Ni dai ina ganin mutunci a wurin babban da ya yarda ya sa sunansa a kan ɗan abin da hujja ta ba shi, alhali kowa na jin a jikinsa gaskiyar ta fi haka nisa.

Ido ya sake ruɗar masana a kan murya ta biyu. Duk zanen da aka yi yana nuna layin shirunta na tsaga fata daga baki zuwa baki, har Lawrence Payne ya yi zato a 1967 cewa kullum haka ne. Antonios Melas ya tabbatar da shi a 1992 ga ganguna marasa lotsawa masu baki sumul, amma a 1997 Maria da Thomas Hoffmann-Ostenhof da Nikolai Nadirashvili suka ƙera fata mai hudoji da yawa wadda layinta ya rufe kansa a ciki bai taɓa baki ba.

Akwai kuma hanya ta uku ta sani, wadda karin maganarmu ba ta ambata ba, ga shi kuwa ita ce malamai suka fi rayuwa a kai: karɓa daga babba. Littafin Courant da David Hilbert a kan hanyoyin lissafin kimiyya ya tarbiyyantar da masana tsara bayan tsara. A bugunsa na Turancin Ingilishi na 1953 akwai hashiya a ƙasan shafi da ke cewa rufin Courant na nan daram ko da an gauraya muryoyi goman farko ta kowane gwargwado, kuma ta jingina hujjar ga kundin wani ɗalibi, Horst Herrmann, na 1932. Maganar na da kamar gaskiya, don a tsirkiya gaskiya ce, Sturm ya riga ya tabbatar. Vladimir Arnold na Rasha ya ga cewa in ta tabbata za ta warware wani sashe na wata tsohuwar matsala ta Hilbert, ya bi sawunta, sai ya ga ba ta tsaya ba. A 1979 Oleg Viro ya kawo misalin da ya karya ta. Waɗanda suka koma ga kundin Herrmann ba su samu hujjar a cikinsa ba. Ba wanda ya yi niyyar yaudara. Layi biyu ne a ƙasan shafi da suka rayu shekaru da dama don sunan da ke bangon littafin ya fi ƙarfin a tambaye shi.

Dole a saurari mai suka a nan. Zai ce mutum ba ganga ba ne, kuma hukuncin lissafi ba ya tabbatar da komai a kan shaida ko jarrabawa ko tarihi. Gaskiyarsa, misali ne kawai, kuma misali ba hujja ba ne. Zai ƙara da cewa irin wannan magana na iya kashe gwiwa: in kunne na da iyaka, ido na ruɗuwa, babban littafi na kuskure, sai kowa ya ce ba a san komai ba, maƙaryaci ya samu mafaka, alƙali ya naɗe hannu. Wannan suka ta fi ta farko nauyi, domin akwai zalunci a ƙin yanke hukunci kamar yadda yake a gaggawar yanke shi. Ɗalibin da ya yi ƙoƙari na da haƙƙin a ce ya ci, wanda aka cuta na da haƙƙin a ce an cuce shi. Amma tarihin da muka bi bai goyi bayan mai naɗe hannu ba. Gangunan Gordon da abokanta ba a tsinto su a hanya ba, sai da aka gina su da gangan bisa wani tsari na musamman, kuma suna da kusurwoyi da lotsawa. Kunne na faɗin girma da tsawon baki ba kuskure. Duk kuskuren da muka lissafa, na Payne da na hashiyar Courant, mutane ne suka gano shi da irin kayan aikin da aka yi shi, ba su jira wahayi ba. Abin da ya bambanta masu wannan fanni da yawancinmu shi ne suna da kalmomi daban ga "na tabbatar", da "ina zato", da "na karanta a wurin wane", kuma suna jin kunyar musanya su. Hausa ma na da su: "na gani", "na ji", "an ce", "wai". Alƙalin kirki na tambayar shaida wanne daga ciki yake nufi, kuma ba na jin an taɓa cutar da wani don malami ya ce wa ajinsa wannan na karanta ne, ban bincika ba.

Masana sun ma gwada haɗa kunne da ido. A shekarun 2000 Uzy Smilansky da abokan aikinsa a Isra'ila suka tambaya ko ƙidayar fagage, murya bayan murya, za ta rarrabe abubuwan da muryoyinsu suka zo ɗaya, kuma a wasu misalai ta rarrabe. Ta ɓangaren tsawon layukan shiru, Shing-Tung Yau ya yi zato a 1982 cewa jimillar tsawonsu na ƙaruwa daidai da saurin kaɗawa. Harold Donnelly da Charles Fefferman suka tabbatar da shi a 1988 ga wani rukuni na siffofi, sannan a 2016 Aleksandr Logunov ya tabbatar da rabin zaton gaba ɗaya, wato cewa tsawon ba ya gaza wannan gwargwado.

Ita kuwa tambayar Kac ba ta mutu da amsar 1992 ba, ta dai ƙuntata. Ba a samu ganguna biyu shimfiɗaɗɗu marasa lotsawa masu murya ɗaya da siffa daban ba, ba a kuma tabbatar cewa babu su ba. Bayan da'ira, siffar da ta fi kowace sauƙi ita ce elis, wato da'irar da aka ɗan matse ta yi tsawo. A wani aiki da aka buga a 2022, Hamid Hezari da Steve Zelditch suka tabbatar cewa makahonmu zai gane elis a cikin dukan ganguna masu baki sumul, da sharaɗin matsewar ta kasance kaɗan, elis ɗin na kusa da da'ira. Zelditch, wanda ya ba wannan tambaya shekaru da dama na rayuwarsa, ya rasu a cikin wannan shekara.